Magini Korau da Uwar Soron Morlan

A garin Garun Maje an yi wani magini mai suna Korau, wanda ake cewa ruwan sama na jin kunyar katangarsa. Wannan zancen 'yan kasuwa ne, ruwa ba ya jin kunyar kowa. Amma gaskiya ne tun da ya fara ɗora tubali a kan tubali ba a taɓa ganin gininsa a ƙasa ba. Ba laya ba ce kuwa. Kowace shekara, kafin ruwan farko, yakan koma ya yaɓe duk abin da ya gina, ya toshe tsaga, ya gyara indararo.

Da tsufa ya zo sai ya bar wa samari gine-ginen gari, ya riƙe ɗaki ɗaya tak, na matarsa Tasalla. Tasalla ta makance bayan wani ciwo, 'ya'yan da suka haifa kuma Allah ya karɓi abinsa tun suna ƙanana, saboda haka su biyu ne a gidan. Ɗakin tsoho ne, rufin azara da ƙasa, kuma kowa ya san idan aka tsallake yaɓen shekara ɗaya damina za ta sauke shi a kan mai shi.

Ran nan da hantsi, ana tsakiyar rani, Korau ya tara ƙasa bai kai ga kwaɓawa ba, sai wani hankaka ya sauka a kan tulin. Hankakan da muka sani yana da farin ƙirji. Wannan baƙi ne ƙirin, girmansa ya kai na maraƙi, yana kuma warin gishiri.

Ya ce, "Aminci ya tabbata gare ka, ya kai wanda gininsa ba ya faɗuwa. Uwar Soro ce ta aiko ni daga Morlan, a ƙasar Kamri, can bayan rairayi da bayan teku. Jikinta na zubewa. Ta ji labarinka a bakin tsuntsaye, tana neman hannunka."

Hankaka bai taɓa yi wa Korau sallama ba, amma sallama ba a ƙin amsa ta. Ya amsa, ya ce, "Ka gai da ita. Ni ma ina da ɗaki a gabana, ban yi yaɓen bana ba."

"Ba a aiko ni in koma da gaisuwa ba. Ranar da ta ce ta gamsu, a ranar zan maido ka ƙofar nan."

Tasalla na zaune a bakin ƙofa tana tsince wake da hannu, ta ji komai. Ta ce, "Maigida, wadda ta aiko tun daga bayan teku ai ba don jin daɗi ta aiko ba. Je ka duba ta. Amma ka dawo kafin shamuwa."

Yabon nan na hankaka ya riga ya ɗan shiga kan Korau. Ya ce a ransa, wane gini ne zai ɗauke shi har shamuwa ta zo? Ya cika gorarsa da ruwa, ya riƙe hannun Tasalla na ɗan lokaci, ya haye bayan hankaka, suka tashi.

Ba su daɗe a kan rairayi ba sai guguwa ta kewaye su. Aljanun wurin ne, dogaye, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Babbansu ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mun ji kai magini ne. Tun da aka halicce mu ba mu taɓa kwana a ɗaki ba. Gina mana ɗaki da rairayin nan, in ba haka ba kai da tsuntsunka kun zama namu."

Korau ya sauka, ya tsiyaye ruwan gorarsa duka a kan rairayi, ya murza, ya gina ɗan ɗaki kamar tafin hannu, har da zanko a samansa. Ya ce, "Ranku ya daɗe, iyakar ruwana iyakar ɗakinku." Aljanun suka yi mamaki, don matafiya da yawa sun roƙe su ruwa amma babu wanda ya taɓa ba su nasa. Sai suka ƙanƙance kamar tururuwa suka shige ciki, ana jin dariyarsu. Korau ya ci gaba da tafiya da maƙogwaro a bushe.

A tsakiyar teku kuma 'yan ruwa suka ɗago, gashinsu kore, suka ce babu mai wucewa sai ya biya su da waƙa. Korau waƙa ɗaya ya iya, wadda magina ke yi idan suna jefa wa na sama tubali, muryarsa kuwa ko jakuna ba sa son ji. Bai kai tsakiyarta ba babbarsu ta toshe kunne ta ce, "An biya, an biya! Ku wuce, kada ku ƙara." Har ruwan sha suka ba shi don ya yi shiru.

Daga nan rana ta ɓuya. Suka shiga wata ƙasa mai duwatsu, koriya shar, tumaki a ko'ina, ga sanyi mai shiga ƙashi. A kan wani ƙaton dutse da ke kallon teku Korau ya hangi abin da bai taɓa gani ba: gida mai girman unguwa, an gina shi da duwatsu zalla, an sassaƙe kowane dutse an jera, ga hasumiyoyi zagayayyu a kusurwoyi, ga katanga a cikin katanga. Amma babu rufi ko ɗaya. Ciyawa ta fito a tagogi, gefe guda kuma ya zube kamar bakin tsoho.

A tsakar gidan wata tsohuwa ce zaune, fatarta launin toka, mayafinta gansakuka ne. Korau ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Tashi, ya kai magini. Ni ce Uwar Soro, ni ce gidan nan. Zauna ka ji abin da aka yi da ni, don ba a yi wa mara lafiya magani sai an ji tarihin ciwonsa.

"Wani sarki ne daga gabas ya ci ƙasar nan da yaƙi, ya ga mutanenta ba sa sunkuyar da kai, sai ya ce a gina ni in tsaya a kansu. An kawo magina daga ƙetaren ruwa, an koro masu haƙa a gaban dawakai. Da aka gama aka shafe ni da farar ƙasa, jiragen ruwa na hango ni tun daga nesa. A lokacin teku na zuwa har gindina, an sassaƙa mini matakala zuwa ruwa, don in an kewaye ni ta tudu a kawo mini abinci ta jirgi. An kuwa kewaye ni. Wani ɗan sarautar ƙasar nan ya ƙwace ni, ya zauna cikina da matarsa da 'ya'yansa, wannan ne kaɗai lokacin da na ji kukan jariri. Aka zo aka kewaye shi, yunwa ta fitar da su. Bayan nan aka yi zamanin igwa, babbar bindigar rusa ganuwa, aka fasa mini haƙarƙari. Da yaƙi ya ƙare aka kwashe darmar rufina aka sayar. Teku ma ya ja da baya ya bar ni, matakalar ruwana yanzu tumaki ke hawa. Duk na jure. Abin da ke kashe ni su ne mutanen ƙauyen can na ƙasa. Duk dutsen da ya faɗi, sai su zo da amalanke su kwashe. Ɓarayi, 'ya'yan ɓarayi. Ka mayar mini da jikina, ya kai magini, sa'an nan ka tafi."

Korau ya ji tausayinta ƙwarai. Ya ce, "Uwa, ni ban san aikin dutse ba, amma in Allah ya yarda zan cike miki gurbin da tubali, in yaɓe ki tas."

Ya kama aiki kamar yadda ubansa ya koya masa. Ya haƙo ƙasa, ya yanko ciyawa ya zuba, ya tattake da ƙafa duk da sanyi, ya murza tubali ya jera su a fili, ya koma gefe yana jiran rana ta busar. Aka yi ruwa. Da gari ya waye tubalan sun zama kunu. Ya ce ba komai, ruwan bazata ne. Ya sake murzawa, aka sake ruwa. Ya nemi makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa katanga don ta jure damina, aka ce ba a taɓa jin sunan ɗorawa a ƙasar ba.

Ya ce wa hankaka, "Kai, wai yaushe ne ranin ƙasar nan?"

Hankaka ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga hasumiya. Ya ce, "Yakan leƙo, kamar baƙuwar da ta bar tukunya a kan wuta."

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gini bai taɓa tunanin akwai ƙasar da ba a ajiye wa magini rani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya yi ta murzawa, ruwa na ta narkarwa, har yatsunsa suka tsattsage. Duk lokacin da ya roƙi Uwar Soro ta sallame shi, sai ta ce, "Ban gamsu ba." Ba mugunta ba ce, ita ma ba ta da wani abin riƙewa sai shi.

Wata safiya ya ji ƙaramar murya a saman ƙofa tana yi masa sallama da Hausa. Tsattsewa ce, irin wadda ke shawagi a kan tafkin Garun Maje, ta iso ke nan daga kudu, ta rame.

Ta ce, "Baba Korau, ashe nan kake? Na biyo ta garinku. Shamuwa ta sauka a kan rimin kasuwa, hadari ya fara haɗuwa a gabas."

Korau ya ce, "Tasalla fa?"

"Tana nan a bakin ƙofa. Maƙwabta sun ce ta koma wurinsu, ta ƙi. Samari sun zo da tsani za su yi yaɓe, ta ce mai ɗakin na hanya. Akwai tsaga a rufin, na shiga ta ciki na fita."

Korau ya zauna a kan dutse ya yi kuka, bai ɓoye ba. Da ya share hawaye sai ya gangara ƙauyen, ko zai sami rumfar da zai shanya tubali a ƙarƙashinta.

Bai sami rumfa ba. Amma idon magini ba ya wuce katanga bai duba ba. A gidan farko ya ga dutsen da ke saman ƙofa yana ɗauke da wata 'yar alama mai kama da ƙafar kaza, irin wadda ya sha gani a jikin Uwar Soro, ta masassaƙin da ya gyara dutsen. Ya gan ta a garken tumaki, ya gan ta a gadar rafi, ya gan ta a bakin rijiya. Wata tsohuwa ta hango shi yana rawar sanyi, ta yafito shi. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma ta zaunar da shi gaban murhu ta miƙa masa madara mai ɗumi. Murhun kuwa a kan wani faffaɗan dutse yake, mai zanen ganye a gefe, wanda ba shakka daga zauren sarki ya fito. An shimfiɗa fatar tunkiya a gefensa, jikarta jaririya na barci a kai.

Ya hau tudun da sauri, ƙirjinsa na zafi. Ya ce, "Uwa, ki yi mini izini in faɗi magana, ko da ba za ta yi miki daɗi ba."

"Faɗi."

"A garinmu idan gida ya rushe ba ma zubar da ƙasarsa. Mukan jiƙa ta mu sake kwaɓawa, tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa riƙo. Ɗakin matata da ƙasar gidan ubanta na gina shi, bayan ya rasu gidan ya faɗi. Ba ta taɓa cewa na sace gidan ubanta ba. Cewa take yi har yanzu a gidansu take kwana. Na zaga ƙauyen can, babu gidan da ba ki cikinsa."

Hasumiyoyi suka girgiza, ƙananan duwatsu suka zubo. Ta ce, "Kana nufin in gode wa waɗanda suka yagi namana?"

"Ina nufin ki je ki gani, gani ya kori ji. In kin gani kika ce sata ce, zan zauna ina murza miki kunu har in mutu."

Can ta ce, a hankali, "Ba na iya taka inda babu dutsena. Ban taɓa wuce ƙofar nan ba."

Korau ya ce, "To wannan aikin na iya shi."

Ya kwaso duwatsun da suka zube, ya fara jera su daga bakin ƙofa zuwa gangare, taki bayan taki. Hankaka na ɗauko masa manyan da ƙafa. Ruwa ya yi ta zuba a kansu, amma wannan karon babu abin da zai narkar. Da hanyar ta kai gadar rafi, ya koma ya miƙa mata hannu kamar yadda yake miƙa wa Tasalla. Hannunta sanyi ƙalau, tana kuma tsoro, duk girmanta. Yana cewa, "A hankali, Uwa. Ga wani nan gabanki. Yauwa."

Mutanen ƙauyen ba sa ganinta, baƙon tsoho kawai suke gani yana tafe da hannu a miƙe. Ta tsaya a gada, ta ji ƙafafun masu wucewa. Ta tsaya a garke, tumaki suka raɓe ta. Daga nan suka shiga gidan tsohuwar da ta ba shi madara. Uwar Soro ta durƙusa ta ɗora tafinta a kan dutsen murhu, sai ta janye da sauri.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

"Ɗumi ne, Uwa."

Ta mayar da hannun. Jaririyar ta farka, ta buɗe ido, ita kam ta gan ta, ta kama yatsanta ta riƙe. Uwar Soro ta daɗe a durƙushe, ruwa na gangarowa a kumatunta. Ta ce, "An gina ni don in tsorata kakannin jaririyar nan."

Sai ta juyo ta dubi Korau kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, "Matar taka, wa ke riƙe mata hannu yanzu?"

"Babu kowa."

"Na zalunce ka, ya kai magini, na kuma zalunce ta. Na gamsu. Hankaka, ɗauke shi, kada ka sauka ko'ina."

Hankaka ya yi tashin da bai taɓa yi ba. 'Yan ruwa na hango su suka nutse, don kada a sake biyansu. Aljanun rairayi suka fito daga ɗan ɗakinsu suka tura su da iska. Amma da suka tsallake rairayi, Korau ya hangi hadari baƙi ƙirin ya riga su, ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bai taɓa ƙin ƙamshin nan ba sai ranar. Yana ta addu'a, yana cewa, "Allah ka sa ta ji maganar maƙwabta. Allah ka sa ta fita."

La'asar ce suka iso, iska na kaɗa zana, yayyafi ya fara. Hankaka ya sauke shi a tsakar gida ya tashi. Korau ya ruga bakin ɗakin, bai gan ta ba. Ya leƙa ciki, babu kowa. Ya kira sunanta.

Daga sama aka ce, "Maigida, ka daɗe."

Tana kan rufin. Ta jingina tsaninsa ta hau, ita kaɗai, da ƙwarya cike da ƙasar da ya bari, ta kwaɓa ta da ƙafafunta. Tana durƙushe, zaninta duk laka, tana lalube da hannun hagu tana shafawa da na dama. Ta riga ta rufe fiye da rabin tsagar.

Ya hau tsanin. Ya ce, "Tasalla, kina so ki kashe ni? In kin faɗo fa? Me ya sa ba ki bar samari sun yi ba?"

"Da sun yi, da sun shafe hannunka."

Ya duba inda ta yaɓe. Ba kamar na mai koyo ba ne, layin ya tafi daidai, ya karkata zuwa indararo yadda ruwa zai bi. Ya ce, "Wa ya koya miki?"

Ta kamo hannunsa ta ɗora a kan tsohon yaɓen, inda sawun yatsu ya bushe a jere. Ta ce, "Ga na bara. Ga na bara waccan a ƙarƙashinsa. Yatsunka na bi, ba su ɓatar da ni ba." Sai ta shafa tafinsa, ta ji tsagar da sanyi ya yi masa, ta ce, "Ita matar, ta sami sauƙi?"

"Ta samu."

"Alhamdu lillahi. To miƙo ƙwaryar, ruwan nan ba zai jira hirarmu ba."

Ya miƙo. Ya ɗebi ƙasa ya fara daga wancan bakin tsagar, ita tana tahowa daga nata bakin, ruwa na sauka a bayansu, har hannuwansu suka haɗu a tsakiya.